Rodaj ɗin sabon kas da zaɓa masa amfili: tambayoyin da ake kawo mini shago

Sana'ata gyaran lasifika da miksa ce a nan Garwa, sai wani ɗan ɗakin ɗaukar murya da nake da shi a bayan shago, inda masu waƙoƙin biki da masu talla ke zuwa. 'Yan shekarun nan samari sun fara shigo mini da kas masu tsada, abin da 'yan'uwanmu na Najeriya ke kira hedifon, wani a aiko masa daga Duwala, wani daga Faransa. Tambayoyinsu kusan iri ɗaya ne, har na gaji da maimaitawa a kan benci, shi ya sa na tattara su wuri guda.

Malam, da gaske ne sabon kas sai an yi masa rodaj kamar sabon babur?

Mu fara da babur ɗin. Ana yi masa rodaj ne, wato lallaɓa sabon inji a farkon aikinsa har ya saba, saboda a cikin injinsa ƙarfe ke gugar ƙarfe, fistin da zobbansa suna hawa da sauka cikin silinda har su zauna da juna. Buɗe kas ka duba, babu abin da ke gugar wani abu. Abin da ke ciki tantani ne na roba, siriri ƙwarai, faɗinsa yawanci milimita 40 zuwa 50, an manna masa naɗin waya a baya, naɗin kuma yana shawagi cikin ratar maganaɗisu. Wuta ta bi naɗin, tantani ya motsa, iska ta kaɗa, kunne ya ji. Ranar da naɗin ya fara gugar ƙarfe, ba rodaj yake bukata ba, ya lalace ne.

Maganar ba daga sama ta faɗo ba. Babbar lasifika irin ta biki tana da wani ƙyalle mai tauri da ke riƙe da naɗinta, wannan kam yana ɗan saki bayan ta yi aiki, ana ma iya auna hakan. Daga nan aka ɗauko zancen aka yafa wa kas. Kas ɗin AKG K701 shi ya fi shan wannan labari, har ana cewa sai ya yi ɗaruruwan awoyi kafin muryarsa ta buɗe. Wani Ba'amurke mai auna kas, Tyll Hertsens, ya gwada ɗan'uwansa Q701 da na'ura, ya ga canji amma ɗan mitsitsi. Masu gwajin kaya na RTINGS su ma sun kunna kas daban-daban na awa 120 suna aunawa, ba su ga canjin da zai sa a ce kunne ya kama ba. Ni dai a nan na tsaya: in ma akwai motsi, bai kai wanda zai mayar da kas mara daɗi ya zama mai daɗi ba.

To ai ni da kunnena na ji nawa ya canza bayan mako biyu. Ƙarya nake yi ke nan?

Ba ƙarya kake yi ba, ƙanena. Abu ya canza, sai dai ba inda kake zato ba.

Na farko kai ne. Shekara uku kana sauraro da ɗan abin kunne na kasuwa mai kumburarren bes, wato ƙasan sautin nan mai kauri, kunnenka ya ɗauki wannan a matsayin daidai. Ranar da ka sa kas mai faɗin gaskiya sai ka ji shi salam, kamar miyar da aka rage wa gishiri. Bayan kwana goma ƙwaƙwalwa ta saba, ka fara jin kaɗawar tsirkiyar kalangu da numfashin mai waƙa, ka ce kas ya nuna. Koma wa tsohon naka ka ji yadda zai cika maka kunne da gunji. Ga shi kuma ɗan Adam ba ya riƙe ainihin kamannin sauti sai na 'yan daƙiƙu, balle a ce ya gwama na yau da na makon jiya.

Na biyu matashin kunne, wato soson nan da ke zagaye da kunne. Shi kam yana canzawa da gaske. Yana laushi, yana ɗaukar siffar kanka, yana toshe kafar da iska ke fita, kuma tantani yana matsowa kusa da kunne. Bes yana zaune ne a kan wannan toshewar. Gwada da kanka: kana sauraro, ka ɗan ɗaga gefe guda da yatsa, ko ka sa tabarau mai kaurin hannu, ka ji yadda ƙasan sautin zai zube.

Na taɓa samun Sony MDR-7506 guda biyu a hannuna lokaci ɗaya, nawa da ya shekara huɗu yana aiki, da sabo fil na wani mai ɗaukar wa'azi. Muryarsu ta bambanta, mai shi har ya fara cewa nawa ya sha rodaj. Na ce ya juya baya, na cire sosunan na musanya su, na miƙa masa ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya nuna ya ce shi ne tsohon, nasa ne sabo sanye da tsohon sosona.

In dai na ƙi ji, ina so in yi, yaya zan yi kada in ɓata shi?

Kunna masa abin da ka saba ji, a muryar da ka saba ji, ka tafi harkarka. Ba ya bukatar wani faifai na musamman. Kada ka ƙure murya da sunan gaggawa, naɗin zai yi zafi, manninsa ya saki. Kuma in mai sayarwa ya ba ka kwanakin mayarwa, kada ka cinye su kana jiran rodaj. Wanda ya ce maka "yi haƙuri sai ya yi awa 300", lissafa ka gani, kwana 12 da rabi ke nan ba dare ba rana.

Na saya da tsada amma a wayata muryarsa ƙasa-ƙasa. Jabu aka ba ni?

Mai yiwuwa ne, jabu ya cika kasuwa. Amma kafin ka je ka yi rigima, duba lambar da ke jikin kwali ko gefen kas ɗin, wadda aka rubuta om a gabanta.

Wani yaro ya zo mini da Beyerdynamic DT 770 Pro da yayansa ya aiko masa. Ya ce dare biyar yana naɗe shi cikin bargo a akwati, waya na kunne har asuba, amma shiru muryar ba ta tashi ba. Na juya shi, na ga 250 om. Na zare shi daga wayar na soka a miksa, na ɗora masa a ka, na murɗa kaɗan. Sai da ya dafe benci. Ya ce, "Kawu, me ka yi masa?" Ban yi masa komai ba, abinci kawai na ba shi.

Wannan samfurin yana zuwa iri uku da aka fi sani: 32, 80 da 250 om. Om shi ne yawan turjiyar da naɗin ke yi wa wuta. Ƙarfin da ke shiga kas kuwa ana samunsa ne in ka ninka bolt da kansa ka raba da om. 'Yar igiyar nan ta Apple da ake sokawa a waya tana ba da kamar bolt 1 in ta Amurka ce, ta Turai kuma kamar rabin haka. Bolt 1 a kan 32 om ya ba ka miliwat 31 (miliwat dubu ne ke yin wat ɗaya). A kan 250 om miliwat 4 kacal. Da ta Turai, miliwat 1.

Sai lamba ta biyu, wadda mutane ba su cika dubawa ba: ƙarar da kas ke bayarwa da miliwat ɗaya. Da desibel ake auna ƙara, na yaron nan desibel 96 ne. Duk ƙarin desibel 3 sai ka ninka ƙarfi biyu, ƙarin desibel 10 kuwa ninki goma. Masu harkar sukan so amfili, wato na'urar da ke ƙara wa sauti ƙarfi, ya iya kaiwa wajen desibel 110, ba don a zauna a can ba, sai don bugun ganga na farat ɗaya ya wuce ba tare da ya shaƙe ba. Daga 96 zuwa 110 kana bukatar miliwat 25, wato bolt 2.5 a kan 250 om. Yawancin wayoyi ba su da shi. Ko shekara kas ɗin ya yi cikin bargo, bolt ba zai ƙaru ba.

Ke nan mai om da yawa ya fi kyau, kuma shi kaɗai ke son amfili?

A'a, duka maganganun biyu ba haka ba ne. Om ba maki ba ne na jarrabawa. Sennheiser HD 600, wanda ya fito tun 1997 kuma har yau ana sayensa, 300 om ne. Audio-Technica ATH-M50x 38 ne, MDR-7506 kuma 63, duk ana aiki da su a manyan ɗakunan ɗaukar murya. Akwai kuma irin su Hifiman, masu shimfiɗaɗɗen tantani tsakanin jerin maganaɗisu, om ɗinsu kaɗan amma ga ci. Su ba tsayin bolt suke nema ba, yawan kwararar wuta suke so. Saboda haka lambobin biyu ake dubawa tare. Kas mai 32 om da ke ba da desibel 100 ko fiye da miliwat ɗaya, waya ta ishe shi, kuɗin amfilin ka sayi sabon soso da shi.

Ta yaya zan gane amfili ya dace da kas ɗina?

Bayan ƙarfi, akwai wata lamba da masu sayarwa ba sa son faɗa: turjiyar bakin fitar amfilin kansa. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce kada ta wuce kashi ɗaya cikin takwas na om ɗin kas. Mai 32 om yana son 4 ko ƙasa, mai 300 om zai haƙura da 37. In ta yi yawa, bes yakan kumbura ya yi sako-sako, domin turjiyar kas ba daidai take a kowane amo ba. Amfili na zamani masu kyau yawanci ƙasa da om 1 suke, sun huta da wannan. Inda ake cin karo da matsalar shi ne ramin kas na tsofaffin rediyon falo, da amfili mai kwalba, irin mai 'yan fitilun gilashi a cikinsa, wanda ya fi jituwa da irin su HD 600. Mai kwalba yana da masoya, ban hana kowa ba, amma fitila ce ke ci a cikinsa, kuma wanda ya san Garwa a watan Afrilu ya san ɗaki ba ya neman ƙarin murhu.

Sauran gwajin na kunne ne. Tsayar da kiɗan, ka saurara: in kana jin "sss" cikin shiru, amfilin ya fi ƙarfin kas ɗin, ko kuma ba shi da tsabta. In da ka taɓa maɓallin murya kaɗan sai ƙara ta yi tsalle, ko kunne ɗaya ya riga ɗaya tashi, nemi maɓallin rage ƙarfi, yawancinsu suna da shi. Wurin zama mai kyau shi ne ka samu muryar da kake so maɓalli na wajen tsakiya.

In kana da akwatin ɗaukar murya irin Focusrite Scarlett ko miksa, gwada raminsu tukuna. Sau da yawa sun wadatar, abin da ya rage 'yar mahaɗa ce daga milimita 3.5 zuwa 6.35.

Ina da amfilin biki a gida, in haɗa kas a inda ake ɗaura lasifika?

Kul. Wancan ɗaruruwan wat yake turawa, kas kuwa da miliwat yake rayuwa. Za ka ƙone shi, in yana kanka kuma ka haɗa da kunne.

Wace murya ce ta yi yawa?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba zai iya sauraron desibel 80 na awa 40 a mako. In ya kai 90, awa 4 ne kawai a mako. Haɗarin kas mai kyau shi ne ba ya kururuwa ko ka ƙara, sai ka yi ta murɗawa ba ka sani ba. In ka cire ka ji kunne na ƙugi, ko maganar mutane ta koma kamar daga cikin rijiya, ka wuce gona da iri. Ji in ya tafi ta wannan hanya ba ya dawowa, kuma ban san shagon da ke gyara shi ba.

A yanayinmu na nan, me ya fi kashe waɗannan kaya?

Wannan ce tambayar da na so a fara yi mini, amma kullum ita ce ta ƙarshe. Waɗanda suka ƙera kayan nan ba su zauna inda zafi ke haura digiri 40 ba. Soson fatar roba, in gumi da zafi suka haɗu masa, yakan fara ɓarewa, ka cire kas ka tarar da baƙin ɓurɓushi a wuyan farar rigarka ranar Juma'a. Goge shi da ƙyalle mai ɗan danshi bayan ka gama, kada ka bar shi cikin mota ko jikin taga. In za a aiko maka da kas daga waje, ka ce a haɗo da soso na biyu, samunsa a nan wahala ne. Mai yadi ya fi sanyi a kunne, sai dai ka sani canza irin soso yana canza murya, fiye da duk wani rodaj.

Sai ƙurar hunturu. Kas mai buɗaɗɗen baya irin HD 600, raga ce kawai tsakanin tantaninsa da iska. Ƙura ko gashi guda ya kwanta a kai sai ka ji "zzz" duk lokacin da bes ya buga. Jaka ko akwati shi ne maganinsa, ba rataye shi a ƙusa ba. Kuma kada ka hura masa iska da ƙarfi, tantanin lotsewa yake.

Wuta kuma, da rani in ruwan madatsar Lagdo da ke ba mu wuta ya ja baya kowa ya san zaman janareta ake yi. Amfilina na farko a gidan wani biki ya mutu: mai janareta ya tayar da injin kayana na jone, na ji "fat", sai warin ƙuna. Tun daga ranar ba na jona amfili sai ta bayan sitabilaiza, kuma ina ba janareta minti biyu ya daidaita. Ga wanda ke yawo tsakanin Garwa, Marwa da Kuseri, ƙaramin amfili mai batir ko mai shan wuta daga waya ya fi masa kwanciyar hankali. In na tashi aiki, na kan mayar da murya sifili, in kunna amfili, sannan in soka kas. In na gama, kas nake fara zarewa kafin in kashe.