Ƙwayar DOB: jinkirinta ne tarkonta

Iyaye da matasanmu na Zariya, tramol da kodin kowa ya san ɓarnarsu. Akwai wata da ba ta yi suna a nan ba, ana ce mata DOB, kuma gara a san ta tun kafin wani ya miƙa wa ɗanku ita a ɗakin kwanan ɗalibai a Samaru ko Kongo.

A ɗakin gwaje-gwaje ake haɗa ta. Wani masanin sinadarai ɗan Amurka, Alexander Shulgin, shi ya fara haɗa ta a 1967. Dangin amfetamin ce, amma bayan bugun zuciya da hana barci, tana sa mutum gane-gane da jiye-jiyen abin da babu shi. Ɗan mitsitsi ya isa ya bugar, shi ya sa ake ɗiga ta a guntun takardar da bai kai farce ba, a sayar da sunan LSD, wata sananniyar ƙwayar maye mai sa gane-gane.

Muguntarta ita ce ba ta kama mutum da wuri. Sai a yi awa biyu ko uku yaro na zaune yana cewa an cuce shi, jabu aka ba shi, ya ƙara wata. Idan duka suka taso, maye kan wuce yini guda da kwana. Haka 'yar uwarta DOM ta yi a birnin San Francisco a 1967: an raba ta da sunan STP, mutane suka yi ta ƙari, aka riƙa kwasarsu zuwa asibiti. DOB kuma tana matse jijiyoyin jini, har yatsu su yi sanyi ƙalau, su sauya launi. In aka yi sakaci, naman wurin na iya mutuwa, a kai ga yanke gaɓa.

To, in kun ga yaro idanu a buɗe tar, yana zufa, yana sambatu, yana ture abin da ba ku gani, don Allah kada a ɗaure shi ko a dake shi. Ɗurar madara ko manja da ake yi ba ta karya wannan ƙwaya, sai dai ya shaƙe. Addu'a a yi ta a cikin mota. A rage hayaniya, mutum ɗaya ya riƙa yi masa magana a hankali, a garzaya sashen gaggawa na Asibitin Koyarwa na ABU da ke Shika ko asibiti mafi kusa. A tafi da ragowar abin da ya sha, a kuma faɗa wa likita lokacin da ya sha, kada kunya ta sa a ɓoye.