Gashin Gwiwa Bayan Tiyatar Jijiya

Gashin gwiwa, ko fisiyo kamar yadda ake cewa a asibiti, shi ne atisaye da kulawar da ake bai wa wanda aka yi wa tiyatar jijiyar gwiwa har ƙafar ta koma aikinta. Sunan kan ruɗi mutane, su zaci gashi ne da ruwan zafi irin na targaɗe, alhali yawancinsa motsa jiki ne. A Bauchi akwai sashen wannan aiki a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa, haka ma a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe.

Manyan jijiyoyi 4 ne ke riƙe da gwiwa. Wadda aka fi yi wa tiyata ita ce ACL, ta gaba cikin biyun da suka gitta juna a tsakiya. Takan tsinke idan ɗan ƙwallo ya juya da ƙarfi ƙafarsa na kafe a ƙasa. Ba a cika ɗinke ta ba. Wata ake yankowa daga ƙasan ƙoƙon gwiwa ko bayan cinya a dasa.

A makonnin farko ana sauke kumburi da ƙanƙara, ana dogara sanda, ana kuma farfaɗo da naman gaban cinya, wanda ke saurin ramewa. Miƙe ƙafa sambal ya fi lanƙwasa ta gaggawa. Shi ya sa ake sa matashi a ƙarƙashin diddige, ba ƙarƙashin gwiwa ba, ko da yake can ɗin ya fi daɗi: gwiwar da ta warke a tanƙware tana barin ɗingishi.

Tsakanin mako na 6 da na 12 ne lokacin yaudara. Ciwo ya lafa, mutum ya jefar da sanda, amma jijiyar da aka dasa tana cikin rauninta, domin jiki na sake gina ta. A nan masu gaggawa kan yi ɓarna. Sassarfa sai wajen wata 3 zuwa 4, komawa fili kuwa wata 9 zuwa 12, bayan an gwada ƙarfin ƙafafun biyu.

Zaman tahiya, zaman tabarma da tsugunno a masai duk suna naɗe gwiwa har ƙarshe, don haka sai daga baya suke dawowa. Kafin nan majinyaci kan yi salla a kan kujera, kuma mai gashin ne ke faɗa masa ranar da zai fara kai gwiwa ƙasa.