Waiwaye: Yadda gubar dalma ta shiga tsakar gidajen Zamfara

A watan Maris na 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitocin Na-Gari Na-Kowa, wato MSF, suna zagayen bibiyar sanƙarau a ƙauyukan Zamfara, sai suka tarar da yara na mutuwa ba ƙaƙƙautawa. Yaro zai fara da amai da ciwon ciki, sai jijjiga, kafin a ankara an kai shi makwanci. An ba da maganin zazzaɓin cizon sauro, shiru kake ji. Sai da aka gwada jinin yaran aka gano dalma ce.

Zinare ne ya jawo ta. Bayan 2008 farashinsa ya yi tashin gwauron zabi a kasuwar duniya, manoman Anka da Bukkuyum suka jingine fartanya suka shiga rami. Ashe dutsen da suke haƙowa cike yake da dalma. Da a daji aka bar shi, da ɓarnar ba ta kai haka ba. Gida ake kawo shi a buhu, a farfasa, a zuba a injin niƙa irin na hatsi, mata su daka a turmi, a shanya garin a tsakar gida. Ƙurar ta sauka a tabarma, a kwanon tuwo, a bakin rijiya. Mai rarrafe kuwa, duk abin da hannunsa ya taɓa baki yake kai shi.

A ƙauyukan Dareta da 'Yargalma kaɗai, binciken hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ya nuna cewa cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun rasu a shekara guda. Jimillar yaran da suka mutu a jihar ta haura 400. Cikin waɗanda suka rayu akwai masu taɓuwar ƙwaƙwalwa wadda ba ta warkewa.

Akwai magani mai fitar da dalma daga jini, amma aikin banza ne muddin yaro zai koma cikin ƙurar. Dole sai an kankare saman ƙasar kowane gida, an kwashe an binne, an zubo sabuwa. Da taimakon kamfanin tsaftace muhalli na TerraGraphics aka yi wa ƙauyuka bakwai haka. Bagega, wadda ta fi su yawan jama'a, ita aka bari tana jiran kuɗin Abuja. Sai a farkon 2013, bayan matasa sun yi ta kururuwa a intanet, gwamnatin Goodluck Jonathan ta saki kuɗin. A ganina wannan jinkirin ya fi komai ciwo a labarin, domin a lokacin babu wanda zai ce bai san cutar ba.

Ba a jima ba abin ya ɓulla a jihar Neja: a 2015 yara 28 suka mutu a ƙaramar hukumar Rafi, ta hanyar nan dai ta niƙan dutse.

A 2019 gwamnatin tarayya ta haramta haƙar ma'adinai a Zamfara, amma saboda 'yan bindiga ne, ba don dalma ba. MSF ta miƙa aikinta ga gwamnatin jihar a 2022, sannan a Disamban 2024 aka ɗage haramcin.