std::rotate: mirgina jeri a harshen C++

std::rotate wani aiki ne da ke cikin ma'ajiyar ayyukan da harshen C++ ke zuwa da su, a ɓangaren <algorithm>. Abin da yake yi shi ne ya ɗebo abubuwan da ke farkon jeri ya mayar da su ƙarshe, ba tare da ya hargitsa tsarin da suke bi ba. Asalinsa daga STL ne (Standard Template Library, wata ma'ajiyar ayyuka), wadda Alexander Stepanov da Meng Lee suka tsara a kamfanin Hewlett-Packard. Kwamitin daidaita harshen ya karɓe ta a 1994, ta kuma fito cikin ƙa'idar C++ ta farko a 1998.

Ana ba shi manuni uku (iterator, abin da ke nuna wani gurbi a cikin jeri): farkon jerin, da wurin da ake so ya zama sabon farko, da ƙarshen jerin. A ɗauki ranakun mako, Lahadi zuwa Asabar, a cikin jeri mai suna v:

std::rotate(v.begin(), v.begin() + 2, v.end());

Bayan haka jerin zai koma Talata, Laraba, Alhamis, Juma'a, Asabar, Lahadi, Litinin. Wato mirginawar zuwa hagu take. Mai son dama sai ya yi amfani da rbegin da rend, waɗanda ke bin jerin daga baya. A nan ne masu koyo suka fi ruɗewa, musamman wanda ya saba da harshen Python, inda rotate na deque (wani nau'in jeri) ke tura abubuwa dama idan an ba shi lambar da ta haura sifili.

A ƙa'idar 1998 aikin ba ya mayar da komai. Daga C++11, ƙa'idar 2011, yana mayar da manuni zuwa inda tsohon farkon ya koma, wato Lahadi a misalin nan. C++20 ta ƙara std::ranges::rotate. Akwai kuma rotate_copy, wanda ke zuba sakamakon a wani wuri ya bar jerin asali yadda yake.

Ƙa'idar harshen ba ta tilasta hanyar da za a bi ba, iyaka ta ce yawan musanya kada ya wuce yawan abubuwan da ke jerin. Hanyoyi uku ne aka sani. Idan manunin gaba kawai yake iya tafiya, ana musanya yankin jeri da yankin jeri har a gama. David Gries da Harlan Mills sun bayyana wannan a 1981. Idan yana iya gaba da baya, sai a yi juyi uku, kuma wannan ce ta fi daɗin kallo: a juya Lahadi da Litinin su koma Litinin, Lahadi, a juya sauran biyar su fara daga Asabar, sannan a juya jerin baki ɗaya. Kowa ya faɗa mazauninsa. Ta uku ta jerin da ake iya tsallakawa kowane gurbi ce kai tsaye. Ana ɗaga abu ɗaya a ajiye gefe, a cike gurbinsa da wanda ya dace, a bi haka har a dawo inda aka fara. Yawan zagayen daidai yake da lamba mafi girma da ke raba tsawon jerin da nisan mirginawar ba saura: abu 12 da aka mirgina da 8 zagaye 4 ne, kowanne mai abu 3. Ta fi sauran ƙarancin motsi, amma tsalle-tsallen da take yi a ƙwaƙwalwar kwamfuta kan ci ribar.

Amfaninsa ya wuce abin da sunan ke nunawa. Duk lokacin da aka ja wasu layuka da ke jere aka ajiye su sama ko ƙasa a cikin wani jadawali, mirginawa ce aka yi wa wani yanki na jerin. Sean Parent na kamfanin Adobe ya yi fice da wannan a wata lacca a taron GoingNative na 2013, inda ya nuna dogon rubutu mai cike da madaukai (umarnin da ake maimaitawa) wanda kira ɗaya na rotate ya wadatar. Ana kuma gina stable_partition (mai raba jeri kashi biyu ba tare da hargitsa tsarinsa ba) da inplace_merge (mai haɗe yankuna biyu da aka riga aka tsara) a kansa idan babu ƙarin wurin ajiya.