Gahawa: amfaninta da illolinta ga lafiyar jiki

Gahawa, wadda mutane da yawa suka fi sani da kofi, abin sha ce da ake yi da ƙwayar 'ya'yan wata bishiya bayan an busar da ita, an soya, an niƙa. Iri biyu ne suka mamaye kasuwar duniya, wato arabika, wadda asalinta tsaunukan kudu maso yammacin Habasha ne, da robusta, wadda ta fito daga dazuzzukan tsakiya da yammacin Afirka. Shaida mafi daɗewa da masana tarihi suka amince da ita game da shanta ta fito ne daga Yaman a ƙarni na 15, inda Sufaye suke shan ta don su iya raya dare da zikiri. Daga can ta bazu zuwa Makka da Alƙahira da Santambul, sannan ta shiga Turai a ƙarni na 17. A yau Burazil ce kan gaba wajen nomanta, Biyetnam na biye da ita, a Nijeriya kuma ana noma kaɗan a tsaunin Mambila da ke jihar Taraba.

Muhawara kan ko gahawa tana cutar da jiki ta kusa kai shekarun ita kanta gahawar. A 1511 wani babban jami'in Makka mai suna Khair Beg ya hana shanta bayan ya saurari malamai da likitoci, ko da yake hanin bai daɗe ba. Abin da binciken zamani ya tsaya a kansa shi ne, shan ta daidai wa daida ba ya cutar da mafi yawan manya masu lafiya, har ma ana ganin alamun amfani, amma illarta ta danganta da wanda ya sha, da lokacin da ya sha, da yadda aka dafa ta, da abin da aka zuba a ciki.

Yadda take aiki a jiki

Sinadarin da ya fi tasiri a cikin gahawa shi ne kafeyin, wanda wani Bajamushe masanin sinadarai, Friedlieb Ferdinand Runge, ya fara ware shi a 1819. A tsawon yini ƙwaƙwalwa tana tara wani sinadari da ake kira adenosin, wanda shi ne ke sanar da jiki cewa an gaji, lokacin hutu ya yi. Kafeyin yana kama da shi a siffa, don haka yakan tare gurbin da adenosin ke zama, sai saƙon gajiyar ya kasa isa. Gajiyar tana nan daram, mutum ne dai ba ya jin ta, kuma da zarar ƙarfin kafeyin ya ragu sai ta dawo gaba ɗaya.

Kafeyin yakan kai ƙololuwa a jini cikin minti 30 zuwa 60 bayan sha. Hanta ce ke narkar da shi, kuma a jikin babban mutum mai lafiya sai an yi kamar awa 5 kafin rabinsa ya fita. Wannan adadi yana bambanta ƙwarai tsakanin mutane. Gado yana da hannu a ciki, mai shan taba yana fitar da shi da sauri, mace mai shan ƙwayoyin tazarar haihuwa takan ɗauki kusan ninki biyu na lokacin, mai tsohon ciki kuwa tana iya kaiwa awa 15. Shi ya sa wani zai sha kofi biyu bayan isha'i ya yi barcinsa, wani kuma ya sha ɗaya da la'asar ya kwana yana juyi. Robusta, wadda aka fi yin garin gahawa mai narkewa da ita, tana ɗauke da kusan ninki biyu na kafeyin ɗin da ke cikin arabika.

Ban da kafeyin, akwai ɗaruruwan sinadarai a cikin gahawa, ciki har da wasu masu kare ƙwayoyin jiki daga lalacewa, kuma masana suna ganin wani kaso na amfaninta daga waɗannan yake fitowa.

Amfanin da bincike ya nuna

Amfanin da ba a jayayya a kansa shi ne na ɗan lokaci: wartsakewa, saurin fahimta da juriya wajen aikin ƙarfi. Likitoci ma suna amfani da kafeyin a matsayin magani, domin ana ba jarirai bakwaini masu ɗauke numfashi, ana kuma haɗa shi a wasu magungunan ciwon kai don ya ƙara musu ƙarfi.

Game da amfani na dogon lokaci, aikin da aka fi kafa hujja da shi shi ne wanda masana daga Jami'ar Southampton ta Ingila suka jagoranta, aka buga a mujallar likitanci ta BMJ a 2017. Sun tattara manyan nazarce-nazarce 201, suka ga cewa masu shan kofi 3 zuwa 4 a rana su ne suka fi ƙarancin haɗarin mutuwa da wuri da na cututtukan zuciya idan aka gwada su da waɗanda ba sa sha. Kafin nan, a 2012, wani bincike da ya bi diddigin Amurkawa kimanin 400,000 masu shekara 50 zuwa 71 ya sami irin wannan sakamako, amma sai bayan an cire tasirin shan taba daga lissafi, domin masu yawan shan gahawa a cikinsu sun fi shan taba.

A fannin hanta ne shaidar ta fi ƙarfi. An sha ganin cewa masu shan gahawa sun fi ƙarancin kamuwa da ƙeƙashewar hanta da sankarar hanta. Wannan labari ne mai daɗi ga yankunan da ciwon hanta nau'in B ya yi yawa, irin su Yammacin Afirka, amma kuskure ne babba mai wannan cuta ya ɗauki gahawa a matsayin magani, domin ba ta kashe ƙwayar cutar, ba ta kuma maye gurbin gwaji da rigakafi da kulawar likita. Haka nan an ga raguwar haɗarin ciwon suga nau'i na 2 ga masu shanta, har da masu shan wadda aka cire wa kafeyin, abin da ke nuna cewa akwai wasu sinadaran da ke wannan aiki. Akwai kuma cutar karkarwa ta Parkinson, wadda wani bincike na shekara 30 kan maza kimanin 8,000 a jihar Hawai ta Amurka, da aka buga a 2000, ya nuna ta fi ƙaranci ga masu shan gahawa.

A 1991 hukumar binciken sankara da ke ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya gahawa cikin abubuwan da ake zargi da haddasa sankarar mafitsara. A 2016 ta sake duba ɗaruruwan nazarce-nazarce ta janye wannan zargi, ta kuma ce akwai alamun raguwar sankarar hanta da ta bangon mahaifa ga masu sha.

Sai dai wajibi ne a fahimci irin shaidar da ake magana a kai. Kusan duk waɗannan nazarce-nazarce kallon mutane suka yi a rayuwarsu ta yau da kullum, ba su raba su gida biyu aka ba wasu gahawa aka hana wasu ba. Irin wannan bincike yana nuna abu biyu suna tafiya tare, ba ya tabbatar da cewa ɗaya ne ya haifar da ɗaya. Mai fama da rashin lafiya yakan daina shan gahawa da kansa, sai ya faɗa cikin rukunin waɗanda ba sa sha, ya sa rukunin ya zama kamar ya fi rauni. Bugu da ƙari, mafi yawan waɗanda aka yi binciken a kansu Turawa ne da Amurkawa da mutanen gabashin Asiya. Saboda haka babu dalilin da zai sa wanda ba ya shan gahawa ya fara don neman lafiya.

Illoli da waɗanda ya kamata su yi hattara

Illar da ta fi yawa, kuma aka fi rainawa, ita ce tauye barci. Wani gwaji da aka buga a 2013 ya nuna cewa miligiram 400 na kafeyin, ko da an sha shi awa 6 kafin kwanciya, yana rage barci da fiye da awa ɗaya. Ɗalibin da ke shan gahawa don karatun dare da direban doguwar hanya suna cikin wannan haɗari, musamman direban, domin kafeyin ba ya hana gyangyaɗi ga wanda bashin barci ya yi masa yawa.

Idan aka sha da yawa takan jawo faɗuwar gaba, rawar hannu, rashin natsuwa da yawan fitsari, kuma tana iya tayar wa mai matsalar fargaba da ciwonsa. Tana ɗaga hawan jini na 'yan awoyi, musamman ga wanda bai saba ba, don haka wanda hawan jininsa bai daidaita ba ya kamata ya tuntuɓi likita. Ba ita ke haddasa gyambon ciki ba, amma tana ƙara ruwan tsamin ciki, tana kuma tayar wa wasu da ƙwannafi.

Mai juna biyu ce ta fi buƙatar taka-tsantsan. Kafeyin yana ratsa mabiyiya ya isa ga ɗan tayi, wanda hantarsa ba ta iya narkar da shi ba tukuna, kuma an danganta yawan shansa da ɓari da haihuwar jariri marar nauyi. Ana kuma ganin gahawa tana rage ƙarfen da jiki ke ɗauka daga abinci: wani gwaji na 1983 ya nuna kofi ɗaya tare da abinci ya rage shi da kashi 39 cikin ɗari, shayi kuwa da kashi 64. Ga mai ƙarancin jini, abin da ya fi shi ne ya bar tazarar aƙalla awa ɗaya tsakanin abinci ko maganin ƙarin jini da shan gahawa ko shayi.

Wasu magunguna ba sa jituwa da ita. Ciprofloxacin, wanda ake yawan rubuta wa masu taifot, yana hana hanta fitar da kafeyin da wuri, sai kofi ɗaya ya yi aikin biyu. Akwai kuma sabo: wanda ya saba sha kullum idan ya daina farat ɗaya yakan sami ciwon kai da kasala da saurin fushi, waɗanda ke farawa awa 12 zuwa 24 bayan sha na ƙarshe, su kuma ɗauki kwana 2 zuwa 9. Wannan na cikin dalilan ciwon kan da wasu ke fama da shi a farkon azumi, kuma rage sha sannu a hankali tun cikin Sha'aban yana sauƙaƙa shi.

Yadda aka dafa ta da abin da aka zuba

A cikin man ƙwayar gahawa akwai sinadarai biyu, kafestol da kawiyol, masu ƙara mugun kitsen da ke toshe jijiyoyin jini. Wani bincike a garin Tromso na ƙasar Norwe a 1983 ne ya fara jan hankali kan alaƙar gahawa da kitsen jini, daga baya aka gano cewa wadda ake tafasawa a sha ba tare da tacewa ba ce ke jawo hakan. Matatar takarda tana riƙe waɗannan sinadarai, garin gahawa mai narkewa ma kaɗan yake ɗauke da su, amma wadda ake tafasawa a tulu irin ta Turkiyya da Habasha da jabanar Sudan tana zuwa da su. Zafin ma abin lura ne, domin a 2016 hukumar binciken sankarar ta ce shan duk wani abu da zafinsa ya haura digiri 65 yana iya jawo sankarar bututun abinci.

Sukari da madarar gwangwani mai zaƙi suna iya shafe duk amfanin da ake fata. 'Yan ƙananan ledojin nan da aka haɗa gahawa da sukari da madara wuri ɗaya, mafi yawan nauyinsu sukari ne da kitse, kuma mai ciwon suga da ya ji an ce gahawa tana da amfani ya dinga shan su, cutar da kansa yake yi.

Adadin da ya dace

Hukumar kula da ingancin abinci ta Turai ta bayyana a 2015 cewa miligiram 400 na kafeyin a rana ba ya cutar da babban mutum mai lafiya, mai juna biyu kada ta wuce 200, yara kuma kada su wuce miligiram 3 ga kowane kilo na nauyinsu. Kofi mai cin mililita 240 na tatacciyar gahawa yana da kimanin miligiram 95, na gari mai narkewa kimanin 60, na baƙin shayi kusan 50. Lissafin na duk kafeyin ɗin da ya shiga jiki ne a yini, don haka a ƙasar Hausa, inda cin goro da shan shayi suka fi shan gahawa yawa, sai an haɗa da goron da aka ci, da shayin safe da na dare, da lemon kwalba mai kola, da lemukan ƙara kuzari, da maganin ciwon kai mai kafeyin, kafin a san ko an wuce iyaka.