Hamayyar ƙabilanci da tarihin siyasar ƙasar Chadi

Chadi ƙasa ce da ke tsakiyar Afirka, ba ta da gaɓar teku. Tana iyaka da Libiya ta arewa, Sudan ta gabas, Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya ta kudu, sai Kamaru da Najeriya da Nijar ta yamma. Faɗinta ya kai murabba'in kilomita 1,284,000, kuma ana magana da harsuna sama da 100 a cikinta. Tun da ta samu mulkin kai daga Faransa ranar 11 ga Agusta 1960, mulki bai taɓa sauya hannu ta akwatin zaɓe ba. An saba bayyana rikicinta da cewa faɗa ne tsakanin Musulman arewa da mutanen kudu. Wannan bayani ya dace da shekaru 20 na farko. Daga 1979 zuwa yau kuwa, mafi yawan jinin da aka zubar a kan kujerar mulki tsakanin 'yan arewa ne su ya su.

Al'ummomin ƙasar

Sara su ne al'umma mafi yawa, manoma ne da ke zaune a kudu tsakanin kogin Shari da kogin Logone, akasarinsu Kirista ko masu bin addinin gargajiya. Larabawa makiyaya da 'yan kasuwa suna biye musu, kuma Larabcinsu shi ne harshen kasuwa a yawancin ƙasar. A gabas akwai Maba na Wadai da Zagawa, a tsakiya akwai Hajarai mazauna duwatsun Gera, a yamma akwai Kanembu, can cikin hamada kuma akwai Tubawa, waɗanda suka kasu biyu: Teda na Tibesti da Daza, waɗanda aka fi sani da Goran. Akwai Hausawa a Injamena da Abeshe da wasu garuruwa, da yawansu jikokin fatake ne da alhazan da suka bi hanyar Makka ta ƙasa. Ba su taka rawar a zo a gani a rigingimun neman mulki ba.

Kafin zuwan Turawa da lokacin mulkin mallaka

Dauloli uku na Musulunci suka mamaye tsakiyar yankin: Kanem-Borno, Bagarmi da Wadai. Dukkansu sun riƙa kai farmaki kudu suna kamo bayi, ana sayar da wasu ta hanyar Sahara. Mutanen kudu ba su manta da wannan ba, kuma 'yan siyasarsu sun sha tayar da zancen daga baya. Rabe, wanda ya ci Bagarmi da Borno, ya mutu a yaƙin Kusuri ranar 22 ga Afrilu 1900 a hannun sojojin Faransa. Kwamandansu Lami shi ma a nan ya kwanta dama, da sunansa aka raɗa wa sabon garin da ya zama babban birni, Fort-Lami. Abeshe ta faɗa hannun Faransawa a 1909, yankin Borku kuma wajen 1913. A 1917 sojojin mulkin mallaka suka karkashe malamai da manyan gari a Abeshe da adduna. Abin ya sa malamai da dama suka yi hijira zuwa Sudan, ya kuma ƙara wa Musulmi ƙyamar makarantar Nasara.

Faransawa sun kira kudu da sunan Chadi mai amfani, domin can ake samun damina mai kyau da hannun aiki. Daga 1928 aka tilasta noman auduga: a auna wa kowane magidanci gona da igiya, ya noma, ya kai wa kamfani ɗaya tilo a farashin da aka yanka masa. An kwashi dubban samarin Sara zuwa aikin layin dogo na Kwango tsakanin 1921 da 1934, da yawa ba su dawo ba. Wato wahalar mulkin mallaka a kan kudu ta fi sauka. Amma kuma can ne 'yan mishan suka buɗe makarantu, can ne aka fi ɗibar soja. Arewa an bar ta a hannun sarakuna da hafsoshin soja, ba makarantu sosai, ba hanyoyi. Ranar da Turawa suka tashi tafiya, akawu da malamin makaranta da ɗan sanda da soja kusan duk 'yan kudu ne.

Zamanin Tombalbaye, 1960 zuwa 1975

Faransuwa Tombalbaye tsohon malamin makaranta ne ɗan ƙabilar Sara. Ya ƙwace jam'iyyar PPT daga hannun wanda ya kafa ta, Gabriyel Liset, ya zama shugaban ƙasa na farko. A watan Janairun 1962 ya haramta sauran jam'iyyu. Da aka yi yunƙurin kama wasu jagororin Musulmi a watan Satumban 1963, tarzoma ta ɓarke a babban birni, sojoji suka buɗe wuta, 'yan siyasa irin su Ahmad Kulamallah suka ƙare a kurkuku.

Haraji ne ya kunna wutar tawaye. Gwamnati ta ƙara kuɗin kai da jangali, ta kuma ɗora wani rance na dole a kan talakawa. Ma'aikatan da ake turowa daga kudu ba sa jin harshen mutane, wasu kuma sukan karɓi haraji fiye da sau ɗaya a shekara su zuba a aljihu. A ƙarshen 1965 manoman Mubi na garin Mangalme a yankin Gera suka far wa jami'an gwamnati da masu da wuƙaƙe, suka kashe wasu. Sojoji suka mayar da martani, ana ƙiyasta cewa mutane kusan 500 suka mutu.

A can hamada, yankunan Borku da Enedi da Tibesti sun ci gaba da zama a hannun sojojin Faransa har farkon 1965. Sojojin Chadi da suka gaje su ba su san al'adar Tubawa ba, ba su kuma nemi sani ba. A garin Bardai, bayan an kashe wani soja a wata hatsaniya, aka tattara mutanen gari maza da mata aka ci mutuncinsu a bainar jama'a. Ga mutanen da mutunci ya fi musu dukiya, wannan ba abin yafewa ba ne. Derde, wato babban shugaban gargajiya na Teda, ya yi ƙaura zuwa Libiya a 1966, 'ya'yansa suka ɗauki makami. Ɗaya daga cikinsu shi ne Gukuni Wedeye.

Ranar 22 ga Yuni 1966 aka kafa ƙungiyar 'yan tawaye ta FROLINAT a garin Niyala na Sudan, ƙarƙashin Ibrahim Abacha. Manufarta a rubuce ita ce yaƙi da sabon salon mulkin mallaka, ba ta ambaci ƙabila ba, amma kusan duk mayaƙanta Musulmi ne. An kashe Ibrahim Abacha a fagen daga a farkon 1968, ƙungiyar ta fara tsagewa. Faransa ta aiko da sojoji tsakanin 1969 da 1972 suka ceci gwamnati.

Abin da ya kayar da Tombalbaye daga gida ya fito. A 1973 ya ƙaddamar da shirin komawa ga al'adun gargajiya: ya sauya sunansa zuwa Ingarta, Fort-Lami ta zama Injamena. Sannan ya wajabta wa ma'aikatan gwamnati 'yan kudu shiga yondo, wato horon balaga na Sara, inda ake kai mutum daji ya yi makonni yana shan wuya. Ministoci da manyan akawu sun bar ofis sun tafi daji. Fastocin da suka ƙi, an tsananta musu, an kashe wasu. Ya kuma tsare manyan hafsoshi, ciki har da Janar Felis Malum. Ranar 13 ga Afrilu 1975 sojoji, akasarinsu 'yan uwansa Sara, suka kashe shi suka ɗora Malum.

Rugujewar gwamnati da taron Kano

Libiya ta mamaye zirin Awuzu, wani yanki da ke kan iyakarta da arewacin Chadi, a 1973, batun da ya raba kan 'yan tawayen arewa. Gukuni yana ganin a karɓi taimakon Gaddafi a bar maganar Awuzu sai gaba. Hisen Habre, ɗan Goran da ya yi karatu a Paris, ya ƙi. Suka raba gari a 1976. Habre ya shirya da Malum, aka naɗa shi firayim minista a watan Agustan 1978, amma zaman bai yi nisa ba. Ranar 12 ga Fabrairu 1979 faɗa ya ɓarke a Injamena tsakanin mayaƙan Habre da sojojin gwamnati. Aka kashe 'yan kudu a unguwannin birnin, dubbai suka gudu gida. A Mundu da Sar da wasu garuruwan kudu aka rama a kan Musulmi 'yan kasuwa. Ba a yi ittifaƙi kan adadin mamatan ba. Mutanen Chadi na ɗaukar wannan shekara a matsayin lokacin da zaman cuɗanya ya karye, har unguwannin Injamena suka rabu, arewacin gari na Musulmi, kudancinsa na 'yan kudu.

Najeriya, ƙarƙashin Janar Olusegun Obasanjo, ta kira ɓangarorin zuwa Kano a watan Maris na 1979, ta kuma aika da sojojin kiyaye zaman lafiya. Malum ya sauka, ya zauna gudun hijira a Najeriya sama da shekara 20. An sake zama a Kano a Afrilu, sannan a Legas, inda ƙungiyoyi 11 suka sa hannu a yarjejeniya a watan Agusta. Gwamnatin riƙon ƙwarya da aka kafa ta haɗa Gukuni a matsayin shugaba, Kanar Kamuge na kudu mataimaki, Habre ministan tsaro. Kowannensu da rundunarsa. Kamuge ma yana tafiyar da kudu daga Mundu kamar wata ƙasa daban.

A watan Maris na 1980 Gukuni da Habre suka gwabza a cikin Injamena, aka shafe wata tara ana ruwan harsasai. Mazauna birnin suka riƙa tsallaka kogin Shari a kwale-kwale da tabarmi da tukwane a ka, Kusuri ta Kamaru ta cika maƙil da 'yan gudun hijira. Tankokin Libiya suka kori Habre a watan Disamba. Da Libiya ta janye a ƙarshen 1981, rundunar Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka ta sojojin Najeriya da Senegal da Zayar ba ta tare shi ba. Ya shiga Injamena ranar 7 ga Yuni 1982.

Mulkin Habre

Habre ya samu goyon bayan Amurka da Faransa saboda yana yaƙi da Gaddafi. A 1987 sojojinsa, a kan motocin Toyota masu ɗauke da makamai, suka fatattaki Libiya a Fada da Wadi Dum. Kotun Duniya ta tabbatar wa Chadi zirin Awuzu a watan Fabrairun 1994.

A cikin gida kuwa, hukumar 'yan sandan ciki ta DDS ta riƙa bin al'ummomi ɗaya bayan ɗaya. An fara da kudu, inda 'yan tawayen da ake kira Kodo suka tashi. A watan Satumban 1984 aka karkashe 'yan boko da masu sarauta, aka ƙone ƙauyuka, har ake kiran lokacin Baƙar Satumba. Larabawa sun sha zargin haɗa baki da Libiya. A 1987 aka juya kan Hajarai, waɗanda da su aka yi yaƙin kawo Habre kan mulki. A 1989 sai Zagawa, bayan da manyan hafsoshin soja 'yan Zagawa, Hasan Jamus da Idris Debi, suka tsere ranar 1 ga Afrilu bisa zargin juyin mulki. Laifin mutum ɗaya ya isa a kama danginsa. Kurkuku mafi ƙaurin suna wani tsohon wurin ninƙaya ne na zamanin Turawa, aka rufe samansa da siminti aka yanka shi ɗaki-ɗaki a ƙarƙashin ƙasa. Kwamitin bincike na 1992 ya ƙiyasta mutane 40,000 suka halaka. Waɗanda suka tsira da matan da aka mayar zawarawa sun bi shari'ar fiye da shekara 20, har wata kotu ta musamman a Dakar ta yanke wa Habre ɗaurin rai da rai ranar 30 ga Mayu 2016. Ya mutu a Senegal a watan Agustan 2021.

Debi da bayansa

Idris Debi ya taso daga Darfur ya karɓi mulki a farkon Disamban 1990. Ya buɗe ƙofar jam'iyyu, ya kira babban taron ƙasa a 1993, ya kayar da Kamuge a zagaye na biyu na zaɓen 1996. Ya saba naɗa ɗan kudu firayim minista, amma manyan muƙaman soja suna hannun Zagawa, waɗanda 'yan tsiraru ne a ƙasar. An fara fitar da man fetur na Doba a 2003. Rijiyoyin a kudu suke, mutanen yankin kuma na kukan cewa ba su gani a ƙasa ba.

Bayan da ya cire wa'adin mulki a 2005, barazana mafi girma ta fito daga danginsa. Timan Erdimi, ɗan uwansa na jini, yana cikin jagororin da suka kai hari har ƙofar fadar shugaban ƙasa a watan Fabrairun 2008. A cikin wannan rikici aka ɗauke jagoran adawa Ibni Umar Mahamat Sale daga gidansa, ba a sake ganinsa ba. An sanar da mutuwar Debi ranar 20 ga Afrilu 2021, bayan artabu da ƙungiyar 'yan tawaye ta FACT, wadda akasarin mayaƙanta Goran ne, a yankin Kanem.

Ɗansa Mahamat ya gaje shi. Ranar 20 ga Oktoba 2022 jami'an tsaro suka murƙushe zanga-zanga a Injamena da garuruwan kudu. Gwamnati ta ce kimanin mutum 50 suka mutu, ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam suka ce adadin ya zarce haka sosai. An kashe ɗan adawa Yaya Dillo, wanda shi ma dangin gidan Debi ne, a watan Fabrairun 2024. A watan Mayu aka bayyana Mahamat a matsayin wanda ya ci zaɓe da kusan kashi 61 cikin 100, Sukse Masra ɗan kudu ya zo na biyu kuma ya ƙi amincewa da sakamakon. Rikicin manoma da makiyaya na ci gaba da cin rayuka a kudu da gabas, inda manoma ke zargin cewa wasu garkunan na manyan hafsoshin soja ne.