Taron Urushalima

Taron Urushalima zama ne da shugabannin ikilisiyar farko suka yi wajen shekara ta 48 zuwa 50 Miladiyya, domin raba gardama kan tambaya guda: al'ummai, wato waɗanda ba Yahudawa ba, in suka ba da gaskiya ga Yesu Almasihu, tilas ne a yi musu kaciya su kuma bi Shari'ar Musa? Labarin yana cikin Littafi Mai Tsarki, a littafin Ayyukan Manzanni sura 15. Masana da dama na ganin zaman nan ne manzo Bulus yake nufi a wasiƙarsa ga Galatiyawa sura 2, wasu kuwa sun ce wata ziyara ce dabam.

Rigimar ta taso ne a Antakiya ta Suriya, inda Yahudawa da Helenawa suke sujada tare, inda kuma aka fara kiran almajirai Kirista. Waɗansu mutane suka zo daga Yahudiya suna koyar da cewa babu ceto sai da kaciya. Hujjarsu ba abar rainawa ba ce. Kaciya ita ce alamar alkawarin Allah da Ibrahim, kuma a ƙarni na 2 kafin haihuwar Almasihu Yahudawa sun rasa rayukansu saboda ita, lokacin da sarki Antiyokus na huɗu ya haramta ta. Bulus da abokin aikinsa Barnaba suka ƙi yarda da koyarwar mutanen, aka aike su Urushalima wurin manzanni da dattawa.

A zaman, waɗansu masu bi daga ɗarikar Farisiyawa, Yahudawa masu tsananta bin Shari'a, suka tsaya kan kaciya. Manzo Bitrus ya tuna musu cewa Allah ya ba al'ummai Ruhu Mai Tsarki ba tare da ita ba, kamar yadda ya gani a gidan Karniliyus, jarumin sojan Roma a Kaisariya, ya ce kada a ɗora musu karkiyar da Yahudawa kansu suka kasa ɗauka. Yakubu ɗan'uwan Yesu ne ya rufe magana, da aya daga Annabi Amos. Aka rubuta wasiƙa zuwa Antakiya da Suriya da Kilikiya, Yahuza Barsaba da Sila suka kai ta: babu kaciya, amma a guji abin da aka yanka wa gumaka, da jini, da naman dabbar da aka shaƙe, da fasikanci. Masana da yawa suna danganta waɗannan da dokokin Littafin Firistoci sura 17 da 18, waɗanda suka shafi baƙon da ke zaune cikin Isra'ila. Uku daga cikin huɗun maganar abinci ce, kuma a nan ainihin matsalar take.

Kaciya abu ne na rana ɗaya, cin abinci kuwa na kullum, ga shi a lokacin Jibin Ubangiji, wato cin gurasa da shan ruwan inabi don tunawa da mutuwar Yesu, cikin cin abinci na gaske ake yin sa a gidajen masu bi. In Bayahude ba zai sa hannu a akushi ɗaya da Bahelene ba, ikilisiya ta rabu biyu ke nan. Hakan kuwa ya faru a Antakiya. Bulus ya ce Bitrus yana ci tare da al'ummai, sai da mutanen Yakubu suka iso ya janye jiki, har Barnaba ma ya bi shi. Bulus ya tsawata masa a gaban jama'a, ya ce wannan tilasta wa al'ummai zama Yahudawa ne, alhali mutum yana samun kuɓuta ta wurin bangaskiya ga Almasihu, ba ta ayyukan Shari'a ba. Abin lura, bai ce Bitrus ya amince ba.

Bayanin Bulus ya ɗan bambanta da na Ayyukan Manzanni. A nasa, ba a tilasta wa Titus Bahelene kaciya ba, Yakubu da Bitrus da Yahaya suka ba shi hannu, shi da Barnaba, suka roƙi abu ɗaya kawai, a tuna da matalauta. Bai ambaci wasiƙar ba, ko a wasiƙarsa ta 1 Korintiyawa inda ya yi dogon bayani kan naman gumaka. Roƙon matalautan kuwa ya riƙe shi da gaske: ya yi shekaru yana tara gudummawa daga ikilisiyoyin Galatiya da Makidoniya da Akaya zuwa Urushalima, yana ɗaukar ta bashi ne da al'ummai suke biya.

An kashe Yakubu a shekara ta 62, Romawa suka rushe Haikalin Urushalima a 70, kuma a hankali al'ummai suka rinjayi Yahudawa a cikin ikilisiya. Zuwa tsakiyar ƙarni na 2 tambayar ta juye. Jastin Shahidi, a muhawararsa da Bayahude Tirifo, yana tattauna ko Bayahuden da ya bi Almasihu amma yake kiyaye kaciya da Asabar zai tsira. Ya ce a ganinsa zai tsira, muddin bai tilasta wa wasu ba, amma ya yarda akwai Kiristocin da ba sa ko magana da irin waɗannan, balle su karɓe su a gidajensu.